Kafin Alƙalamin Gidan Reno

Sai da na shekara biyu a Doha kafin in san cewa a garin nan tun yaro yana ciki ake kama masa layi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi, maigidana Sanusi kuma direba ne a wani otal da ke Lusail. Ɗaki ɗaya muke haya a Al Rayyan, cikin irin manyan gidajen nan da ake yayyankawa da katako a zuba iyali takwas. Idan maƙwabcinmu ya yi atishawa sai in ji kamar in ce masa yarhamukallah. Duk da haka ba mu raina ba, don da yawa cikin 'yan gida da ke nan sai su shekara biyu ba su sa matansu a ido ba.

Da na samu ciki, abin da na taso na ga ana yi a Funtuwa shi na yi, wato na ja bakina na tsuke. Cikin fari ne, ko Inna da ta haife ni ban iya faɗa wa ba, sai da ta gane da kanta a waya. Na sayi rigar aiki mai faɗi, ina yawo da fayil a gaba, a tsakiyar mutanen da sana'arsu ke nan gane mai ciki tun daga bakin ƙofa. Wata abokiyar aikina 'yar Filifin, Marisel, ita ce ta gaji da wasan ta tare ni a ɗakin shan shayi.

Da Turancin nan nata mai gudu ta ce, "Sauda, wata nawa?"

Na ce, "Wata nawa na me?"

Ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta ce, "To shi ke nan, ba ki da komai. Amma wannan ba-komai ɗin, kin kama masa wurin reno? Ni tun ina wata uku na biya."

Ta zaunar da ni ta yi min lissafi. Hutun haihuwa kwana hamsin ne, in ya cika dole a ga ƙafata a wurin aiki. Na kuma san abin da ba ta faɗa ba: haya da cefane da takardun zaman abin da zan haifa duk a kan aikina suka rataya, don albashin Sanusi ba zai ɗauke mu ba. Ba uwa a kusa, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro ta katanga. Idan ban samu mai riƙe min ba, ko dai in rasa aikin mu tattara mu koma, ko in rabu da jaririn in kai shi gida.

Na ji ta sarai, amma abin ya ƙi kwanta min. A ce mutum bai zo duniya ba, ba a san da rai zai zo ko babu ba, har an je an biya masa kuɗin shimfiɗa? Gani nake kamar shisshigi ne a cikin lamarin Allah. Haka na yi ta ja har na shiga wata takwas, sai da Marisel ta rubuta lambar wata mai reno ta cusa min a aljihu da hannunta.

Akwai manyan gidajen reno masu lasisi, masu zanen giwa da raƙumin dawa a bango. Na leƙa guda biyu na fito jiki a sanyaye, domin kuɗin wata ya kusa haɗiye albashina, kuma suna rufewa tun kafin in tashi daga aiki. Irinmu sai gidajen matan da ke reno a falonsu, babu allo a ƙofa, sai dai wata ta raɗa wa wata.

Gida na farko na Madam Shirin ne, wata Musulma 'yar Siri Lanka da ke hawa na biyu a wani bene kusa da mu. Falonta fes, ƙananan gadaje huɗu a jere, ɗaya babu kowa. Ta ɗauko littafi ta fara tambaya: yaushe ne ranar, mace ce ko namiji, wane suna za a sa? Na san biyun farko, ni da kullum nake taya likita duba na wasu, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce sai yadda Allah ya yi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta Najeriya kawai a gaban layin. Na ƙirga mata riyal ɗari takwas na kafin alƙalami, abin da su suke kira arbun.

Ta ce, "Ki ji sharaɗina. In kin haihu ki turo min hoto. Kafin sati uku ki kawo jaririn in gani da idona, ki biya watan farko. In ban gani ba, khalas, magana ta ƙare."

Na ce to, irin to ɗin nan namu da ake faɗa don a rabu lafiya.

Na yi aiki har ana jibi zan haihu, don kada hutun ya tafi a banza. Allah ya sauke ni lafiya a tsakiyar zafin bazara, aka samu mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Sanusi, muna kiranta Ummi. Daga ranar Inna ta karɓi ragamar jegona ta waya, tana Funtuwa tana mulkin ɗaki a Al Rayyan. Sanusi ne mai satar ganyen darbejiya a bakin titi, yana waige-waige kamar wanda ya ɗauko zinari. Ruwan zafi kuwa ba sai an dafa ba, tankin da ke saman gida ya gama aikin tun hantsi. Dokokin Inna biyu ne ba ta wasa da su: hoton yarinya ba zai fita ba saboda baki, ni kuma ƙafata ba za ta taka waje ba sai na yi arba'in.

Kwana huɗu da haihuwa Madam Shirin ta turo saƙo tana tambaya ko an sauka. Na rubuta mata Alhamdulillah, na ajiye waya. Bayan mako ta sake turowa, tana son hoto da suna. Hoto an hana, suna kuma na surukata ne, ga shi 'yar fari, ko a takardar asibiti Sanusi na bar wa ya cike. Na rubuta mata cewa muna lafiya. Ana cikin mako na uku sai ga muryarta a saƙo, ta ce in zo ranar Juma'a da yarinya da kuɗin wata, in ba haka ba akwai mai jira.

Sanusi ya ce, "Sauda, mu je mana. Minti goma ne a mota, ga sanyi a ciki, wa zai gan ki?"

Na ce bari in tambayi Inna. Ai kuwa kamar na taɓo gidan rina.

"Ke da hankalinki? Da ɗanyen jego za ki ɗauki jaririya ki hau bene gidan wata? Ba kin ba ta kuɗi ba? Wanda ya karɓi kafin alƙalami ai ya gama magana, barazana ce kawai irin ta 'yan kasuwa."

Ba zan ɗora wa Inna laifin duka ba, don abin da ta faɗa shi ne a raina. A gida in ka ba mai ɗaki ko tela wani abu ya riƙe, ko wata uku ka yi ba ka leƙo ba naka na nan. Ga kuma kunyar kada dangin Sanusi su ji an ce na kasa haƙurin kwana arba'in ina rawar jiki a kan 'yar fari. Ni da na tsallako ƙasashe, nake yi wa manyan mutane allura suna runtse ido, sai ga ni ina tsoron muryar da ke cikin waya. Na rubuta wa Madam cewa zan zo bayan kwana arba'in in sha Allah. Ba ta amsa ba, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Ranar da na kwana arba'in da ɗaya na ci ado, na naɗe Ummi cikin sabon tawul, muka hau benen. Madam Shirin ta buɗe ƙofa da jaririn wasu a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, sai ta dafe ƙirji.

"Tana da rai?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Ba hoto, ba suna, ba ki zo ba. Na ɗauka abin bai zo da rai ba, na ji nauyin in ƙara tambaya. Ko kuma kin tafi ƙasarku, don an sha yi min haka, a kama wuri a ɓace a bar ni da gado babu kowa. Na jira har Juma'ar da na faɗa miki, sannan na bayar."

Na leƙa ta bayanta na ga gadaje huɗun duk a cike. Na tambayi kuɗina, ta ce sun tafi a makonnin da ta riƙe gadon ba kowa. Nan na manta da Turanci, na wanke ta tas da Hausa a kan matattakala, tana tsaye tana jijjiga ɗan mutane ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba. Har yau in na tuna ina jin haushinta, alhali na san matar nan ba ta ɓoye min komai ba tun ranar farko. Muka sauko, saura kwana bakwai in koma aiki.

Gida na biyu a zauren matan Najeriya na waya na samo shi. Na rubuta kukana, ba a yi minti goma ba wata ta kira ni da sallama irin ta gida, ta ce sunanta Anti Balaraba, in zo kawai, 'yarta ce ni. Rabon da in ji an ce min "sannu da jego, ya kwanan baƙuwa" baki da baki tun da na haihu, sai a gidanta. Babbar mace ce mai fara'a, falonta da kayan wasa a kwando da katifu a ƙasa. Ta karɓi Ummi tana yi mata wasa, ta zubo mana tuwo da miyar kuka har da man shanu. Ina ci ina share hawaye, ina cewa yaji ne.

Ta ce yaran da take reno sun tafi hutu da iyayensu, ranar Lahadi za su dawo. Gurbi ɗaya ya rage, kuma wata 'yar Masar ta matsa mata a kansa, amma ina za ta bar tata ta ba bare? Sai dai in ba da na wata biyu a dunƙule don ta samu bakin sallamar waccan. Kuɗin da muke tarawa na zuwa ganin gida muka kwaso. Da zan miƙa, Sanusi ya matso ya ce a hankali, "Ki ce ta rubuta mana a takarda." Na galla masa harara. Matar da ta kai sa'ar gwaggona, tuwonta bai gama sauka a cikinmu ba, ita zan ce wa ta sa hannu kamar ɓarauniya?

Ranar Lahadi, ranar da hutuna ya ƙare, ƙarfe shida na safe ina ƙofarta da jakar madara da kayan canji. Na tarar da mata biyu a tsaye, kowace da jariri, ɗaya 'yar Kenya ɗaya Bayarabiya. Muka yi ta danna ƙararrawa, muka kira waya a kashe. Can mai gadin benen ya hawo ya ce matar ta fita da akwatuna tun ranar Juma'a, kuma gidan ma ba nata ba ne, masu shi sun tafi hutu suka bar mata ta kula da shi. Bayarabiyar ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Babu wadda ta ce a je wurin 'yan sanda, don ba mu da ko guntuwar takarda, kuma mun san tambayar farko da za a yi mana ita ce me ya kai mu gidan da ba shi da lasisi.

Ban je aiki ba ranar. Washegari na je da Ummi a kafaɗa don a ga dalili, shugabarmu ta ce ta tausaya min, amma asibiti ba gidan reno ba ne, kwana biyu ta ba ni. Ina fitowa mai gadin asibitin, wani dattijo ɗan Ghana da muke gaisawa da Hausa, ya ga idona. Bai yi dogon tambaya ba, ya ce in je wurin Mma Ayishetu in ce shi ya turo ni.

Gidan Mma Ayishetu shi ne na uku, can ƙarshen Al Rayyan inda motar haya ke juyawa. 'Yar Zangon Kumasi ce, gajera, ba ta da yawan dariya, kuma Hausarta irin tasu ce da mace ma "ka" ake ce mata. Yara biyar take riƙewa, mai gidan ya ce ranar da ya ƙirga shida ranar za ta kwashe kayanta. Ban bari ta gama bayani ba na zaro ragowar abin da ke jakata ina tura mata, ina cewa ta riƙe ko na layi ne. Ta kama hannuna ta dunƙule shi da kuɗin a ciki.

"Mai da kuɗinka. Ni ba ni karɓan kuɗin abin da ba ni da shi. Yaro ɗaya ya yi tafiya, sai kwana goma zai dawo. Kawo yarinya ya zauna wurinsa, ka je aiki ka nema wani wuri. In ya dawo, ba ni da yadda zan yi."

Kwana goman nan ko sisi ba ta karɓa ba. In na zo ɗaukar Ummi sai in tarar an yi mata wanka an shafe ta da man kaɗe, ni kuma a miƙo min shinkafa da wake a roba, a ce mai shayarwa ba ta tafiya da yunwa. Ni da Sanusi muka zaga duk inda aka kwatanta mana, shi da safe ni da yamma. Ko'ina a cike, wasu kuma su ce sai yaro ya yi wata shida. Yaron da ya yi tafiya kuwa ya dawo ranar da aka ce zai dawo.

Muka zauna a bakin katifa a ɗakinmu, babu wanda yake son ya fara faɗa. Sanusi ne ya yi ta maza ya ce, "Sauda, ko dai a kai ta wurin Inna kafin Allah ya kawo mafita?" Na roƙi hutun kwana goma ba albashi, aka ba ni da ƙyar. Na sayar da 'yan kunnen aurena muka cika kuɗin jirgi.

A Funtuwa murna aka yi. Mata suka cika gida ana ta sa min albarka, wai na yi hankali, na yi kawaici, ai dama 'yar fari ta kaka ce. Ina murmushi ina cewa haka ne. Na kwashe kwanakin ina koya wa Inna awon madarar gwangwani, ina janye Ummi daga nono a hankali, tana kuka ina ba ta baya. Safiyar da zan taho Inna ta riga ta goya ta, ga dangin Sanusi sun zo sallama sun cika tsakar gida. Babu abin da nake so a duniya irin in ce a sauko min da ita in ba ta ta sha na ƙarshe. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, a riƙa tafasa ruwan sosai." Na ɗauki jakata na fita, ban waiwaya ba, aka bi ni da yabo.

Na dawo Doha na ci gaba da aiki, ina auna jariran mutane ina rubuta nauyinsu. Marisel ta daina yi min wasa, sai dai ta ajiye min shayi ta wuce. Ɗakinmu ya yi faɗi, mu da muke kukan ƙunci.

Mako biyar da dawowata Mma Ayishetu ta kira, ta ce wasu sun koma ƙasarsu gaba ɗaya, gurbi ya samu, in zo. Ina tashi daga aiki na cire kuɗi na kama hanya, ina sauri kamar yau zan ɗauko yarinyar. A mota ne lissafi ya fara kama ni. Hutuna na shekara sai bayan wata biyar, na Sanusi ya fi haka nisa, kuma babu wanda zai ɗauko mana jaririya daga Funtuwa.

Na faɗa wa Mma haka. Ta ce, "In ka iya biyan rabi duk wata, zan riƙe maka har ya zo. Kai ka riga kowa."

Sai a lokacin na lura da wata a zaune a gefen kujera, siririya, da jariri a cinya da jakar kaya a ƙafa. Mma ta ce 'yar Uganda ce, a filin jirgi take aiki, ta ji labarin gurbin ne ta zo ko za a dace. Ba ta jin abin da muke cewa, amma idonta na kan jakata. Na tambaye ta da Turanci saura kwana nawa ta koma aiki. Ta ɗaga yatsu uku.

Wallahi ban ji tausayinta da farko ba, haushi na ji, don me za ta zo ta zauna min a nan? Hannuna na cikin jaka a kan kuɗin. Gurbin nan shi ne abu ɗaya da ya rage da ke cewa Ummi za ta dawo, in na sake shi ban san ranar da wani zai samu ba. Amma wata biyar katifar za ta yi babu kowa a kanta, ni kuma na san inda matar nan za ta kwana uku ta nufa.

Na ce, "Mma, ki ba ta."

Mma ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na gyaɗa mata kai. Matar ta rasa inda za ta sa kanta, ta miƙo min jaririn in riƙe mata tana laluben jaka. Yana zuwa hannuna ya juyo da kai yana neman ƙirjina, nonon da na ɗauka ya ƙafe ya kawo har ya jiƙa min riga. Na mai da mata ɗanta da sauri, na yi wa Mma sallama na fito.

A bakin titi, ina jiran mota cikin zafin la'asar, na kira Inna. Ta ce lafiya lau suke, yarinya ta sha madara ta ƙoshi, yanzun nan barci ya ɗauke ta, ko a taso ta in ji muryarta? Na ce a'a, a bar ta ta yi barcinta.